An naɗa ni shugabar sa'o'ina a wurin horon talla, amma ba mai jin maganata

Tambaya:

Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, ina karanta fannin sadarwa. Mu shida aka ɗauka horon sanin makamar aiki na mako takwas a wani kamfanin talla, dukkanmu sa'o'in juna ne, uku ma ajinmu ɗaya. An ba mu aiki guda: mu shirya kamfen ɗin wata manhajar ajiyar kuɗi ta waya da ake so ɗalibai su karɓa, mu gabatar da shi gaban manyan kamfanin da masu manhajar a ranar ƙarshe. Mai kula da mu ta ce ni ce shugabar tawaga. Mako uku ya wuce, ba mu da komai a hannu. In muka zauna taro sai mu shafe awa biyu muna musu, mu tashi ba matsaya. Ƙawata ta kusa, wadda aka ba rubutu, sau biyu tana saɓa wa'adi, na kasa yi mata magana. Mai zanenmu gwani ne, amma ya ce ban fi shi sani ba, yana kai aikinsa wurin mai kula da mu kai tsaye ban gani ba. Sauran ukun sun yi gum. Ni nake kwana ina cike gurbin kowa. In je in ce a sauke ni ne, ko in fara nuna musu ƙarfi?

Wata ɗaliba

Amsa:

Ƙanwarmu, sannu da ɗawainiya. Kada ki nemi a sauke ki, kuma kada ki fara nuna ƙarfi, domin ƙarfin da kike tunani ba ya hannunki. Ba ke kike biyan su ba, ba za ki iya korar kowa ba, ba ke za ki ba su maki ba, kuma duk sun san haka. Jiya kuna benci ɗaya kuna rubuta darasi, yau an ce ke ce gaba. Masu iya magana suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Don haka duk lokacin da gardama ta zama ra'ayinki da ra'ayin wani, ke za ki sha ƙasa, ko da gaskiya na wajenki. Aikinki a makonni biyar da suka rage shi ne ki sauke gardamar daga kanki, ki ɗora ta a kan abubuwa uku da kowa ke gani da idonsa: maganar mai kula da ku, takardar aikin, da kalanda. Wanda ba zai bi ki ba, zai bi takardar da ya sa wa hannu.

Ki fara da mai kula da ku ranar Litinin. Minti goma sha biyar kawai za ki roƙa, kuma kada ki je da ƙarar kowa. Tambayoyi huɗu za ki kai mata. Wane abu ne nake da ikon yankewa ni kaɗai? Wane abu ne sai kin amince? Ta wace hanya kike so aiki ya riƙa zuwa miki, kuma wace rana? Yaya za a auna mu a ƙarshe, a dunƙule ko kowa da nasa? Idan ta amsa, ki roƙe ta ta maimaita amsar a gaban kowa, ko ta aiko da gajeren saƙo ga ku shidan. Sau da yawa mai kula da ɗalibai takan ce "ke ce shugaba" ta wuce, ba ta fayyace ma'anar kalmar ba, sai kowa ya fassara ta yadda ta yi masa daɗi. Ki kuma nemi ta ware muku rabin awa a kowane mako, rana ɗaya tsayayya, don duba aiki. Da zarar akwai wannan zaman, mai zanenku ba shi da dalilin bin ta bayan fage, ita ma za ta iya ce masa ya kawo ranar zama.

Tambaya ta huɗun nan ta fi yadda kike zato muhimmanci. Duk ɗalibin da ya zo horo yana son ya fita da abu biyu: aikin da zai nuna a matsayin nasa in ya je neman aiki, da kuma wani babba da zai tuna sunansa. Tsoron da ke cin abokan aikinki, ko ba su faɗa ba, shi ne su yi wahala a yaba wa shugaba. Ranar Talata ki zauna da kowannensu shi kaɗai, minti goma, ki tambaye shi me yake so ya fita da shi daga wannan horo, kuma wane ɓangare ne yake ganin ya fi iyawa. Masu yin gum a taro galibi a nan suke buɗe baki.

Daga nan ki raba aiki, kowane aiki da suna ɗaya a gabansa. Ku shida ne, ayyukan kamfen ma sukan kasu kusan haka: mai bincike da tsara dabara, marubuci, mai zane, mai tsara kafafen da za a saka tallan da kasafinsu, mai haɗa bidiyo da sauti, sai ke mai riƙe jadawali da hulɗa da mai kula da ku. Taimakon juna ba laifi, amma kada a taɓa rubuta "mu duka" a gaban wani aiki. Wani injiniyan noma ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 abin da ya gani a gwajin jan igiya: yawan masu ja na ƙaruwa, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa na raguwa. Inda ba a iya gane gudummawar mutum, can yake sassauta hannu, ko da ba malalaci ba ne.

Yanzu ga babban abin da muke zargin ya hana ku motsi. A kamfanin talla ba a fara rubutu ko zane sai an rubuta takarda mai shafi ɗaya, wadda 'yan sana'ar ke kira birif. Daga wasiƙarki mun fahimci ko dai ba ku da shi, ko an ba ku bayanin masu manhajar mai shafuka da yawa ba ku tace shi ba. Awa biyu na musu ba matsaya alama ce ta mutanen da kowa ke amsa tambaya daban. Ku zauna ranar Laraba, ba za a yi maganar launi ko take ba, ku amsa waɗannan a rubuce: wace matsala ce tallan zai magance, da wa muke magana, me yake tunani yanzu, me muke so ya yi bayan ya ga tallan, wace magana ɗaya tak za mu faɗa masa, wace hujja ce za ta sa ya yarda, da wace irin murya za mu yi magana, me ya zama dole ya fito kamar tambari da launukan kamfani da sharuɗɗa, abubuwa nawa za mu miƙa, nawa ne kasafi, yaushe ne wa'adi.

Bari mu nuna miki inda ɗalibai ke tuntuɓe a wannan takarda. Tambayar farko tana da amsoshi da dama, kuma kowace amsa kamfen ɗinta daban. Idan ɗalibai ba su taɓa jin sunan manhajar ba, aikinku sanarwa ne. Idan sun ji amma ba su yarda su ba ta kuɗinsu ba, aikinku gina amana ne. Idan sun sauke ta a waya amma ba su taɓa saka komai ba, aikinku tunzura su ne su yi ajiyar farko. Ku tambayi masu manhajar, ta hannun mai kula da ku, wanne ne ciwonsu, kada ku yi hasashe.

A wajen "da wa muke magana", kusan kowa yakan rubuta "matasa masu shekara 18 zuwa 35". Wannan ba mutum ba ne, ba marubucin da zai iya yi masa magana. Ku rubuta mutum guda da za a iya gani: ɗalibin da kuɗin da ake aiko masa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, wayarsa ba ta barin hannunsa, ya san ajiya abu ne mai kyau amma yana ganin sai mai albashi ke yin ta. Kuma kada ku ƙirƙiro shi daga kanku don ku ma ɗalibai ne. Mutum biyu daga cikinku su yi hira da ɗalibai goma waɗanda ba abokanku ba, minti ashirin kowanne, su rubuta kalmomin da suka fito daga bakinsu yadda suka faɗe su. Kwana biyu sun isa. A wajen magana ɗaya kuwa, za ku so ku rubuta cewa manhajar tana da sauƙi da tsaro da sauri kuma ta zamani ce. Maganganu huɗu ke nan, mai kallo ba zai riƙe ko ɗaya ba. Ku tsaya a kan guda, misali: ɗan canjin da ya rage maka ma abin ajiyewa ne. Wannan jimla ba ita ce taken tallan ba, ita ce turken da za a ɗaure kowace dabara a kai. Idan kuka ga "da" ko "kuma" suna haɗa maganganu biyu a cikinta, ba ku gama tacewa ba.

Kowa ya karanta, kowa ya amince, mai kula da ku ta sa hannu. Daga ranar, idan musu ya tashi, ba za ki ce "ni ban yarda ba" ba. Za ki ɗaga takardar ki ce, "Mun ce magana ɗaya za mu faɗa, ga ta. Wannan dabarar ita take faɗa?" Wani lokaci takardar za ta kayar da taki dabarar. Ki bari ta faɗi a gaban kowa ba tare da kin kare ta ba. Ranar da suka ga haka, ranar za su yarda cewa takardar ba sandarki ba ce.

Yadda kuke neman dabaru ma yana bukatar gyara. Zaman da kowa ke jefo abin da ya zo masa a rai, wani mai sana'ar talla ne ɗan Amurka, Alex Osborn na kamfanin BBDO, ya yaɗa shi a shekarun 1940 da 1950. Amma tun 1958 wani bincike a Jami'ar Yale ya nuna cewa mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai, aka haɗa sakamakonsu, sun fi masu zama tare yawan dabaru. A 1987 wasu masana a Jamus, Michael Diehl da Wolfgang Stroebe, suka gano babban dalilin: a taro mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, masu jiran layi kuma sukan manta abin da ke ransu ko su fasa faɗa. Ga sauran ukunki da suka yi gum. Maganin shi ne a fara da rubutu cikin shiru. Akwai tsarin da ake kira 6-3-5, wanda wani Bajamushe, Bernd Rohrbach, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960, kuma kamar don ku aka yi shi: mutum shida, kowa da takarda, ya rubuta dabara uku cikin minti biyar, ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya karanta ya ɗora uku a kai. Zagaye shida, rabin awa, dabaru 108 in kowa ya cika. Mafi yawansu ba za su yi amfani ba, kuma haka ake so. Ku manna su a bango ba suna, kowa ya samu ƙuri'a uku, a ware goma da suka fi samu, a gwada kowace da birif har a rage uku. Ke ki zama ta ƙarshe wajen faɗin ra'ayi a kowane zama, domin in kika riga kowa, masu son zaman lafiya za su bi ki, masu jin haushinki su soke ki, a rasa mai duba dabarar kanta.

Ukun nan a zana su da fensir ko a haɗa su sama-sama, kada a ɓata kwanaki ana ƙawata abin da za a iya jefarwa. Mutum yakan ƙi rabuwa da abin da ya kwana uku yana gogewa. Ku nuna wa ɗalibai biyar zuwa takwas na waje, daƙiƙa biyar kowane zane, ku ɗauke, ku tambaya: me ake tallatawa, kuma me ake so ka yi? Kada ku tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi.

Kalanda kuma daga ƙarshe ake tsara ta a dawo baya. Juma'ar mako na takwas ce ranar gabatarwa. Alhamis ɗinta a bar ta fanko don abin da ba a zata ba. Talata da Laraba gwajin gabatarwa daga farko zuwa ƙarshe, da agogo. Litinin ɗin makon a kulle komai, ba sabuwar dabara, sai gyaran kuskuren rubutu. Mako na shida da na bakwai na haɗa aiki ne: daftarin farko Juma'ar mako na shida, na ƙarshe Alhamis ɗin mako na bakwai. Wannan ya nuna dole a zaɓi dabara guda kafin Juma'ar mako na biyar ta wuce, birif kuma ya samu sa hannu a wannan makon na huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan wani ya ce aiki zai ɗauke shi kwana biyu, ki rubuta uku a naki lissafin, domin sabon hannu kullum yakan manta lokacin gyara da lokacin jiran amsa.

Taro ya ragu. Minti goma kowace safiya, a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya gama, abin da zai yi yau, da abin da ya tare shi. Babban zama sau biyu a mako, minti arba'in da biyar, kuma a rubuta tun kafin a shiga wace shawara ake so a yanke. Bayan kowane zama ki aika layi uku: abin da aka yanke, wa zai yi, yaushe. Tsakanin mutum shida akwai hanyoyin magana na mutum biyu-biyu har 15, shi ya sa abin da ba a rubuta a wuri ɗaya ba yakan koma labari iri-iri. Zauren WhatsApp na tunatarwa ne, fayil ba ya zama a can. Ku buɗe folda ɗaya a Google Drive ko makamancinsa, kowane fayil da sunan aikin da kwanan wata da lambar gyara, don kada a wayi gari an gabatar da tsohon zane.

Sai batun ƙawarki, wanda mun san shi ya fi ci miki rai. Shirun da kike yi ba ya kare zumuncin, yana cin sa ne a hankali, kuma sauran suna kallo. In ƙawar shugaba ta saɓa wa'adi sau biyu ba a ce komai ba, wa'adi ya tashi daga aiki ga kowa. Ki same ta ku biyu, ba a zaure ba, ba a gaban mutane ba. Ki faɗi abin da ya faru da abin da ya jawo, kada ki taɓa halinta: "Ƙawata, rubutun da muka yi zai zo Talata bai zo ba, na Juma'a ma haka. Mai zane ya kasa fara nasa, ni kuma na kwana ina rubutawa. Me ke faruwa?" Sai ki yi shiru ki jira, ko shirun ya yi tsawo.

Amsarta za ta faɗa ɗaya daga cikin huɗu. Ko ba ta gane abin da ake so ba, wanda birif zai warware. Ko tana jin tsoron nuna rubutun da bai yi kyau ba, wannan kuwa ciwon sababbin marubuta ne, suna jiran jimlar da ba ta da aibu har lokaci ya ƙure. Maganinsa ki canja abin da kike nema: maimakon "ki kawo take", ki ce "ki kawo kanu ashirin gobe da ƙarfe 12, ko da goma sha biyar marasa kyau ne". Ko kuma akwai wata damuwa a wajen aiki, sai a rage mata kaya a fili, kowa ya san an rage, ba tare da an tona sirrinta ba. Ko kuwa ta jingina ne da cewa ba za ki iya yi mata magana ba, to yanzu ta ga kin iya. Ko wanne ne, ku tsayar da rana da sa'a, ki leƙa ta a tsakiyar lokacin tun kafin wa'adi ya cika, ki kuma gaya mata abin da zai biyo baya: "In Alhamis ta yi bai zo ba, dole in faɗa a zamanmu da mai kula da mu, kuma na fi so ki ji daga bakina tun yanzu." Kai magana sama bayan an sanar da mutum ba cin amana ba ne. Wanda ake kaiwa a ɓoye shi ne ke raba zumunci.

Mai zanenku kuwa, a abu ɗaya yana da gaskiya, ki ba shi ita: "Ban fi ka sanin zane ba, kuma ba zan zaɓa maka launi ko salon haruffa ba. Wannan naka ne, kai za ka gabatar da shi ranar ƙarshe, da sunanka. Abin da nake roƙo shi ne tawaga ta gani kwana ɗaya kafin ya je sama, don kada zane ya faɗi wani abu rubutu ya faɗi wani." Sannan ki haɗa shi da ƙawarki su yi aiki tebur ɗaya. Wannan tsari ne da wani mai sana'ar talla, Bill Bernbach, ya kafa a kamfanin talla na DDB, wanda aka buɗe a New York a 1949. Kafin nan marubuci yakan gama rubutu ne a miƙa wa mai zane ya ƙawata, shi kuwa ya zaunar da su tare tun daga farkon tunani, kuma har yau haka yawancin kamfanoni ke yi. A wajenku riba biyu ce: ita ta samu wanda ke jiranta ido da ido, shi ya samu hannu a dabarar tun tushe.

Yadda ake yi wa gwani gyara ma sai an koya. "Bai yi min ba" ba gyara ba ne. "Ka ƙara girman rubutun, ka mai da shi ja" kuma shiga gonarsa ne. Ki faɗi abin da ya faru da idonki: "Idona ya fara sauka kan hoton, ya wuce tambari, ban ga abin da ake so in yi ba sai da na nema." Matsalar taki ce ki nuna, maganin nasa ne ya samo. Ki tattara gyaran kowa a takarda ɗaya, ki warware masu karo da juna kafin ki miƙa masa, kuma zagaye biyu na gyara ya wadatar. Mutum biyar suna aiko masa da saƙo daban-daban da tsakar dare, wannan kaɗai ya isa ya sa shi gudu wurin mai kula da ku.

Kwanan da kike yi kina cike gurbi, ki daina daga yau. Muna faɗa da ƙarfi don illarsa uku ce. Yana ɓoye matsalar daga mai kula da ku, sai ta ɗauka komai lafiya. Yana koya wa sauran cewa ko ba su yi ba za a yi. Kuma yana hana ki aikinki na gaskiya, domin wadda ba ta yi barci ba ba ta iya riƙe jadawali ko haƙuri. Idan lokaci ya ƙure, a rage yawan kayan da za a miƙa, da sanin mai kula da ku. Bidiyo ɗaya da zane uku da saƙon rediyo ɗaya masu faɗin magana guda sun fi guda goma sha biyu da aka haɗa cikin gaggawa.

Akwai 'yan abubuwan fasaha da kan ba ɗalibai kunya a ranar ƙarshe, ki sa su a jerin dubawarki. Girman kowane abu a rubuta shi tun a birif: bidiyon tsaye na waya fiksel 1080 da 1920, murabba'i 1080 da 1080, na kwance 1920 da 1080. A bidiyon tsaye kada a sa rubutu dab da sama ko ƙasa, maɓallan manhaja za su rufe shi, kuma a sa rubutun abin da ake faɗa don masu kallo ba sauti. Abin da za a buga a takarda a haɗa shi da launukan CMYK, wato tsarin launin da injin buga takarda ke amfani da shi, ɗigo 300 a kowane inci, da rarar milimita 3 a gefuna saboda yanka. Saƙon rediyo na daƙiƙa 30 a karanta shi da babbar murya da agogo a hannu, kusan kullum yakan zarce. Hoto da kiɗa da salon haruffa kowanne sai da lasisi, a ajiye shaidar a folda. Tunda kuma kayan naku na kuɗi ne, kada ku rubuta alƙawarin riba ko kalmar tabbaci da masu manhajar ba su ba ku a rubuce ba, domin tallan harkar kuɗi yana ƙarƙashin dokoki masu tsauri. Bayanan da suka ba ku amana ne, kada kowa ya ɗora aikin a shafinsa kafin a ba shi izini.

Mai tsara kafafe ya iya bambance lissafinsa, don nan manya ke yawan jefa tambaya. Yawan mutanen da tallan ya isa gare su daban, yawan bayyanarsa daban. In ya bayyana sau 30,000 ga mutum 10,000, kowa ya gan shi sau uku ke nan a matsakaici. In aka latsa shi sau 300, kashi 1 cikin 100 ne na bayyanar. Kuma ma'aunin nasara ya dace da matsalar da kuka rubuta: in burin shi ne ajiyar farko, yawan masu danna alamar so ba hujja ba ce.

Ki tambayi minti nawa aka ba ku ranar gabatarwa, ku shirya abin da zai ƙare minti biyu kafin lokacin. Jerin ya bi birif: matsala, mutumin, magana ɗaya, dabarar, yadda ta fito a kowace kafa, kasafi, ma'auni. Masu magana kada su wuce uku, don yawan miƙa wa juna yana cin lokaci, amma kowa ya amsa tambayar ɓangarensa. Idan aka tambayi abin da ya shafi zane, ki juya ki kira sunan mai zane, ko da kin san amsar. Ku rubuta tambayoyi goma mafi wuya da za a iya yi muku, ku gwada amsa su ranar Laraba. A ajiye kwafin PDF a na'ura biyu, a sauke bidiyo a kwamfuta kada a dogara da intanet, a gwada majigi da lasifika a ɗakin kafin mutane su shigo. Shafin ƙarshe ya ɗauki sunayen ku shida, kowa da abin da ya yi, kuma ki nuna musu wannan shafin tun wannan makon, ba sai ranar ba.

Kafin ku watse, ki miƙa wa mai kula da ku foldar a tsare, ki nemi izini a rubuce kan abin da kowa zai iya nunawa cikin kundin aikinsa, ki kuma tambaye ta wa ya kamata ku shidan ku tuntuɓa in kuna bukatar takardar shaida.